Akuya Ba Ta San Ranar Dashen Itace Ba

'Yan majalisar gindin dalbejiya! Ku gyara zama, ba bara na zo ba, ba kuma kamfe. Tun daga nesa na hango yadda kuka taɓe baki da aka ce yau zancen shara da dashen itace a makarantun gwamnati za a yi. Wancan Alhajin mai carbi har ya juya ƙeya yana cewa, "To, 'yan boko sun ƙoshi." Na ji ka, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Amma kafin ka ci gaba da jan carbinka, ɗan ɗaga kai ka dubi abin da ya hana rana gasa maka wuya. Ba da wannan dalbejiyar aka halicci Dambatta ba. Asalinta daga Indiya ne, a zamanin Turawa aka shigo da ita ƙasar nan, kuma wani bawan Allah ne ya haƙa rami ya sa ta, ya yi ta jido mata ruwa daga rijiya, wataƙila ana yi masa irin dariyar da kake yi mini yanzu. Yau ga ka ka miƙe ƙafa a inuwarsa, kana cewa dashe aikin marasa aikin yi ne.

Hujjarku ta farko na san ta tun ba ku buɗe baki ba. Yara na zaune a ƙasa, aji ya cika har bakin ƙofa, iska ta yaye kwanon aji biyu tun damina waccan, malami ɗaya na fama da aikin mutum uku, sannan wani ya kwaso ƙafa ya zo da zancen leda? Kun yi gaskiya, kuma ba ku kaɗai kuka gani ba, don gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Sai dai ina da 'yar tambaya. Wa ya yaye kwanon? Kuka ce iska. Daga ina ta taso? Daga gabas, yadda hadarin farkon damina ya saba. To me ta tarar a gabanta kafin ta iso ajin? Fili fetal, ko kaba babu. Kuɗin kwano sai an rubuta takarda an jira Kano. Jerin itatuwan da zai rage wa iskar ƙarfi kuwa, ba sai kwamishina ya sa hannu ba. In an kawo sabon kwano aka kafa shi a wannan filin, ku ajiye tsohuwar takardar koken, za ku sake buƙatarta.

Kai kuma Baba, da ka ce wannan duk surkullen Turawa ne, matso in raɗa maka wani abu: Baturen ma wurinka ya zo ɗaukar karatu. Akwai wani malamin ilimin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Bayero. Tun shekarun 1960 yake zagaya ƙauyukan da suka kewaye Kano, yana auna gonaki, yana ƙirga itatuwa, har jakunan da ke shiga birni da fita sai da aka ƙirga. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ga ƙasa cike da jama'a, gona jikin gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an nome ta, amma ta ƙi mutuwa. Da aka bi diddigi sai aka tarar sirrin na bayan jaki. Ya shiga birni da itace, ya fito da mangala cike da sharar birni, a juye a gona. Aka kuma tarar manomin Kano yana tattalin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gonarsa kamar yadda yake tattalin tumakinsa, har itatuwan gonakin kusa da birni ba su ƙare ba duk da farin 1973 da cin itacen girkin Kanawa.

Ka duba gidanka na da, Baba, ka faɗa mini abin da ake zubarwa. Kara ya zama danga, in ta tsufa ta shiga murhu, tokar ta koma gona. Harawa da dusa na dabbobi ne, kashinsu kuma na gero. Ƙwarya ta tsage, a kai wa gyartai. Almajiri ya rubuta allonsa, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa, allo ɗaya ya raka shi shekara da shekaru. Abin da yanzu ake kiran taron bita a otal saboda shi, ana raba jaka da biro, shi ne abin da kakarka take yi kullum ba wanda ya taɓa ba ta alawus. To in jikanka ya dawo daga makaranta ya ce an koya musu raba shara gida biyu, kada ka ce boko ya lalata shi. Gadonka ne ya bi ta ƙofar baya ya dawo.

Abu ɗaya ne ya shigo tsakaninmu da kakanni, wanda su ba su san shi ba: leda. Duk sharar da jakin nan yake kawowa a da, ƙasa tana cinye ta. Wannan kuwa ƙasa ta tauna ta kasa haɗiyewa. Wanda yake son ganin mahaifar leda a ƙauye, ya je ƙofar firamare lokacin tara. Awara a leda, yajinta a wata ledar, zoɓo a leda, ƙanƙara a leda, fiya-wata a leda, har gyaɗar naira hamsin sai an ƙulle ta a leda. Ku da kuke son lissafi, ku ɗauko waya. A ce makaranta na da yara 400, kowane ya yar da leda ɗaya tak a rana. A mako 2,000 ke nan. A zangon karatu mai mako 12 an tashi da 24,000. Ɗaya tak fa na ce, kuma kun san yaron da aka ba kuɗin tara ba ya tsayawa a ɗaya.

Ina suke zuwa? Makarantar ƙauye ba ta da katanga, kuma a wannan ƙasa tamu, daga Minjibir zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Gabasawa, inda filin makaranta ya ƙare nan gonar wani ta fara. Iskar hunturu ta kwasa ta watsa a kunya, ta rataye wasu a ƙaya kamar tutar jam'iyya. Damina ta zo ka sa garma, ka yi ta tono baƙar leda, saiwar gero ta ci karo da ita, ruwa ya kasa ratsawa. Wadda ta sha mai da gishirin awara kuwa, akuyarka ce take lashe ta har ta haɗiye. Sai ka ga dabba na ci tana ramewa, ka ce sammu ne, ko maƙwabci ya yi mata baki. Kafin ka ɓata da maƙwabcinka, je ka tambayi sarkin fawa abin da suke cirowa daga tumbi. Zai nuna maka dunƙule kamar gammo. An bar jaki ana dukan taiki.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ai ƙonawa muke yi." Sannu da dabara. A tara leda bayan aji shida a cinna mata ashana, hayaƙin mai guba ya bi taga ya shiga ƙirjin yara, gobe a ce tari ya yi yawa a gari, sanyi ne. Kuma tare da ledar ake haɗa ganyen dalbejiya da ɓawon gyaɗa da totuwar rake a ƙone, wato takin da kakanninmu suke biyan jaki ya ɗauko daga birni, mu mun same shi a ƙofar aji kyauta muna banka masa wuta.

Yanzu na zo kanka, Malam, kai da ka harɗe hannu kana jira in gama. Ka ce albashinka na koyarwa ne, ba a ɗauke ka aikin duba-gari ba. Ban musa ba, kuma na san wata na yi maka nisa. Amma kai ma akwai abin da nake tuhumarka da shi. Wa kake sa wa tsintar leda da safe? Makararru. Wa kake tura wa sharar bayan aji? Wanda ya yi surutu. Shekara shida yaro yana koyon cewa sunkuyawa a ɗauki shara horo ne na mai laifi, sannan ka yi mamaki in ya girma ya sayi mota yana cillo ledar fiya-wata ta taga. Ai karatun ya zauna. A Japan, ƙasar da ta ƙera babur ɗin da kake hawa, yara ne ke share ajinsu kullum, na ɗaya a jarrabawa da na ƙarshe, malamai na tare da su, kuma ba wanda ya kira abin horo. Mu ma mun san haka a da. Tsofaffin ɗalibai na nan zaune, su faɗa maka zamanin gonar makaranta, lokacin da kowane aji ke da kunyarsa, ana gasar wanda gyaɗarsa ta fi kyau.

Kuma aikin ba wani tashin hankali ba ne, ranka ya daɗe hedimasta. Rami biyu a bayan makaranta, da buhu biyu. Duk abin da zai ruɓe, ganye ne, ɓawo ne, ragowar abinci ne, a zuba a rami, a barbaɗa toka da kashin awaki, a ɗan yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. In na farko ya cika a rufe shi a koma na biyu, bayan 'yan watanni ga taki baƙi ƙirin. Gwangwani da robar lemo da tsinkakken silifa su shiga buhu, 'yan jari-bola na yawo da kura har ƙauye, da kuɗinsu suke saye, ko alli aka samu an rage wani abu. Ledar fiya-wata kuwa, a yanke bakinta, a huda gindinta, a cika ta da ƙasa da taki, a sa irin zogale ko tsamiya ko dalbejiya. Masu renon itace a bakin titi da ita suke aiki. Yaron da ya ga tsiro ya fito daga ledar da ya sha ruwa jiya, ya fahimci darasin kimiyyar da ka yi mako biyu kana rubutawa a allo yana hamma. In dabara ta ƙare, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na nan Dambatta, ba sai an je Abuja neman shawara ba.

To, kun yi shiru kuna jira in yi tuntuɓe, bari in ba ku abin dariyar da kaina, don wanzami ma wata rana sai an yi masa jarfa. Shekarun baya na ɗauki zafi, na haɗa 'yan ajinmu na da, muka sayi dashe 40 muka kai firamaren ƙauyenmu. Aka kafa rumfa, aka yi jawabi, na sa babbar riga na durƙusa ina riƙe da butar ban ruwa ana ɗaukar hoto. Watan Yuli ne, ƙasa a jiƙe, kowane tsiro shar da shi. Na koma birni ina jin kaina kamar wanda ya tare hamada da ƙirji. Da na dawo da bazara, biyu na tarar, ɗayan ma sai an rantse. Na tambayi maigadi, ya nuna mini wata jar akuya tana tuƙa a inuwar aji, tana kallona kamar ta gane rigar.

Laifina ne, ba nata ba. Na manta da abin da kowane yaro a ƙauye ya sani. Da damina dabba na turke, don gona ta kewaye gari. Da an gama kaka sai a sake su, kuma daga nan har faɗuwar ruwa, wajen wata bakwai, ba wani kore a doron ƙasa sai abin da ka dasa. Ita akuya ba a kai mata katin gayyata ba, ba ta ji jawabi ba, ba ta san ranar dashen itace ba. Abin da ta sani, an yi mata shuka. Saboda haka duk wanda ya ce muku ya dasa dubu kaza a watan Yuli, ku yi masa barka, sannan ku ce ku haɗu a wurin a watan Afrilu. A nan ake ƙirgen gaskiya. In dai wannan ne dalilin taɓe bakinku, to ku matsa mini in zauna, tare za mu taɓe.

Sai dai ni daga taɓe baki ban tafi gida na kwanta ba. Na gane dashe goma da aka killace sun fi ɗari da aka ɗauka a hoto. Killacewar ma ba waya ake nema ba: ƙayar magarya, tsohon kwando da gindinsa ya fita, ko tubalin da ya rage daga ginin wani. Kowane itace a ba shi mai shi, yara biyu ko uku 'yan unguwar kusa, waɗanda ko an yi hutu suna gari. Ruwan alwala da na wanke hannu da ke kwarara a banza bakin famfo, a ja masa 'yar hanya zuwa gindin dashe. A kuma zaɓi itacen da zai zauna lafiya da maƙwabta. Mutanen ƙasar Dambatta sun ga jerin turaren da gwamnati ta dasa shekarun baya don kare iska, sun kuma ga yadda saiwarsa ke shanye ruwan geron da ke kusa da shi. In makaranta ta jera turare a kan iyakar gonar Baba, to Baba zai zo da gatari da daddare, kuma ba zan ba da shaida a kansa ba. Gawo kuwa, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani, wane manomi ne zai yi faɗa da shi?

Kanawa, na san ba ku son a ce wani ya fi ku, amma ku yi haƙuri ku leƙa Maraɗi. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya sha irin kayen da akuya ta yi mini, dashe na mutuwa yana sake dasawa, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Maimakon a sare duka, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoman Nijar suka kama, kuma an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba gandun reno, ba rumfa, ba babbar riga. Hausawa ne irinku, ruwan samansu ma bai kai naku ba. Ku zagaya filin makarantarku ku duba, za ku ga sabara da kalgo da aduwa na toho, kowace shekara ana sa yara su sare su da sunan gyaran fili.

Saura ku samari masu latsa waya, da kuka ce wannan aikin gwamnati ne. Gwamnati na da nata, ba na ɗauke mata. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da abin ya shafa. Ga shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku tambayi kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma ina rabon makarantarku, haƙƙinku ne. Amma in kuna jiran motar hukumar shara ta REMASAB ta baro birni ta zo kwashe ledar bayan ajinku, ku nemi tabarma, zaman zai yi tsawo. Iyayenku sun ga tsaftar dole ta zamanin Buhari da Idiagbon a 1985, da soja ya tafi bulala ta tafi, shara ta dawo mazauninta. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ranar da tamu dokar za ta zo, gara ta tarar da yaran da suka riga suka saba.

Inna mai awara, ke kuma daina hararata, ba kasuwarki na zo kashewa ba. Ledar nan da kuɗi kike sayenta, daga ribarki take fita. In hedimasta da kwamitin iyaye suka ce kowane yaro ya riƙa zuwa da ɗan kwanonsa da gorar ruwansa, ke kin huta da sayen leda, akuyarki ta huta da ciwon ciki. Mu da muka ci ɗanwake a kwanon sha muka lashe, ga mu nan da ranmu.

Alhaji, na ga carbin ya tsaya. Kai ka fi ni sanin abin da malamai ke faɗa a kan ladan wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba suka amfana, da na wanda ya kawar da ƙazanta daga hanya, ba sai ɗan boko ya ja maka baƙi ba. Ga abin da nake so mu ƙulla, jama'a shaida ne. Makarantar da jikokinka ke zuwa ba ta fi taku ɗari biyu daga nan ba. Da ruwa ya sauka, ka ɗauki dashe ɗaya tak, ka kai, ka sa jikanka ya kewaye shi da ƙaya, ka ce masa amanarka ce. In bazara ta zagayo muka je muka tarar akuya ta yi nasara, goron majalisar nan na mako guda a wuyana. In kuwa muka tarar da shi tsaye, ba na neman komai, illa ka matsa mini gefen tabarma, ka kuma daina kiran mai dashe marar aikin yi alhali kana zaune a inuwarsa.